Yadda Laƙabi Ke Danne Ƙwazon Yara a Kuchigoro

Kuchigoro tana gefen hanyar zuwa filin jirgin saman Abuja. Cikin mazaunanta akwai al'ummu biyu marasa rinjaye: Gbagyi, waɗanda birni ya cinye gonakinsu tun bayan dokar kafa babban birnin tarayya a 1976, da mutanen Gwoza na jihar Borno, da suka yada zango a sansanin Sabon Kuchigoro bayan Boko Haram ta mamaye garinsu a 2014.

Matsin da yaransu ke fuskanta yakan fara ne daga suna. Hausawa na kiran Gbagyi da Gwari, kuma daga nan aka samo "gwaranci", wato magana marar kan gado. Wannan rashin adalci ne da baki ya saba da shi har ba a jin nauyinsa. Yaron da ya san an mai da sunan kakanninsa abin zolaya sai ya yi ta jinkirin ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa. Ɗan Gwoza kuwa ya zo da Glavda ko wani harshen duwatsun Mandara, Hausa ta biyo baya, darasi kuma da Turanci. Ga laƙabin "ɗan gudun hijira" da ke bin sa, wani lokaci har da zargi.

Masana sun gwada tasirin wannan. A 1995, Claude Steele da Joshua Aronson sun ba ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka jarrabawa iri ɗaya. Da aka ce awon basira ake yi, makin baƙar fata ya sauka. Da aka ce motsa ƙwaƙwalwa ce kawai, tazarar da ke tsakaninsu da farar fata ta ragu sosai. A Indiya ma, Karla Hoff da Priyanka Pandey sun nuna a 2004 cewa bayyana asalin yaran da ake ƙasƙantarwa a gaban tsararsu na rage ƙoƙarinsu. Dalili kuwa, hankali yakan rabu biyu: rabi kan tambaya, rabi kan tsoron gaskata abin da ake faɗa a kan danginsu.

Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙarfin tasirin yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Yaron da gudun hijira ya ci masa shekara uku, aka zaunar da shi aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa, kunya takan riga rashin kuɗin makaranta korar sa zuwa talla ko tura baro a kasuwa.