Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

Malamin da ya shekara da shekaru yana tsimin albashinsa don ya sayi mota ta hannu, bai kamata ƙyallin fenti da daɗin bakin dillali su ruɗe shi ba. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa ƙananan motoci OBD-II, watau tsarin da inji ke rubuta ciwonsa da kansa. Turai ta bi baya a 2001 ga motocin fetur.

Ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16, nan makaniki ke jona na'urar karatu. In ta nuna P0300, wuta ba ta kamawa daidai a silinda. P0420 kuwa, matatar hayaƙin salansa ta gaji, sauya ta kuma da tsada.

Amma fa a lura, mai wayo yakan goge lambobin, ko ya cire batir. Saboda haka a duba gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In yawancinsu ba su kammala ba, alama ce kwanan nan aka goge. Sai a tuƙa ta cikin gari da babbar hanya, a sake aunawa, sa'an nan a ƙirga kuɗi.