Yunwar Kakalaba da Rumbun da Ya Ƙare

Daminar 1913 ta yi wa ƙasar Hausa gardama. Ruwa ya makara, kuma ya ɗauke da wuri; gero bai yi ido ba, dawa ta bushe a tsaye. Kafin bazarar 1914, yunwar da tsofaffi suke kira Kakalaba ta mamaye ƙasar Kano, Katsina da Damagaram. Mutane sun koma cin tafasa da yaɗiya da goruba, wasu har tona gidan tururuwa suke yi don ɗebo 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara. Ƙauyuka sun watse, jama'a suka nufi kudu neman abin sawa a baki.

Fari ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, kuma kakanninmu sun san shi sarai. Shi ya sa magidanci yake shuka gero mai saurin nuna a haɗe da dawa da wake, in ɗaya ya ƙi, ɗaya ya ba da. Bayan girbi akwai rumbun da ba a taɓawa sai damina ta kama, lokacin da gandu yake bukatar ƙarfi. Ga zakkar hatsi da ake tarawa a hannun masu sarauta, ga rancen dami tsakanin dangi da maƙwabta, ga cin rani da yake rage bakin ci a gida. Kada a ɗauka zamanin aljanna ne; a da can ma yunwa ta kashe mutane, bayi da talakawa ne kuma suke fara faɗuwa.

Abin da ya tsananta Kakalaba shi ne ta iske waɗannan dabaru sun raunana. Turawa sun ci Kano a 1903, sannu a hankali haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma ba ya jiran damina mai kyau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomi ya sayar da hatsinsa da kaka, yana araha, don ya biya haraji, ya dawo ya saye shi da tsadar gaske. Masani Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya bayyana wannan a littafinsa na 1983. Agajin gwamnatin mulkin mallaka kuwa ya zo a makare, bai kuma taka kara ya karya ba.

Shekara 13 bayan Kakalaba, a 1927, wata yunwar ta sake aukuwa, wadda aka laƙaba wa suna 'Yar Buhu.