Abin da Ke Sa Kwamfuta Nawa Bayan An Ƙara Mata Sauri

Zancen kimiyya na yau a kan kwamfutar tebur ne, da irin wahalar da mai ita kan sha in ya tilasta mata gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka yanka mata.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntu mai yin lissafi, shi ake kira furosesa. Aikinsa da kiɗa yake tafiya, kamar na manoma a wurin gayya. Akwai agogo mai bugawa, shi kuwa yana bin bugun. A yawancin na zamani asalin bugun sau miliyan 100 ne a daƙiƙa guda, sa'an nan a riɓanya shi. In an riɓanya sau 40, an sami bugu biliyan 4 ke nan, watau gigahaz 4. Mai neman sauri sai ya mai da 40 ɗin nan 45. Dabarar ta daɗe, gama tun a 1998 mutane suka riƙa ɗaga Celeron 300A na kamfanin Intel daga megahaz 300 zuwa 450.

To, amma guntun ba ya jure sabon kiɗan sai an ƙara masa ƙarfin lantarki, lantarki kuwa zafi yake haifarwa. In an ƙara ƙarfinsa da kashi 10 cikin 100, zafin da guntun ke fitarwa yakan ƙaru da wajen kashi 21, ko da ba a taɓa agogon ba. Da zafi ya kai awu 95 zuwa 100 na Salshiyas, sai furosesa ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. Sauri ya haifi nawa ke nan. Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne zafi. A kakkaɓe ƙurar da ta toshe fanka, a sabunta man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya shi, a rage lantarkin kaɗan kaɗan. Zafin ɗaki ma yana cikin lissafi: saitin da ya zauna lafiya a Landan da hunturu, ba lalle ya zauna a Khartum ko Jidda da bazara ba.

Na biyu, ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira RAM. Intel ya fito da tsarin XMP a 2007, AMD kuma da EXPO a 2022, don a ɗaga saurinta da saiti guda. Amma layi huɗu sun fi layi biyu wuyar zama a kan babban gudu. Cutar ma'ajiya kuwa ita ce mafi muni, domin sau da yawa ba ta nuna alama. Kwamfuta na tafiya lami lafiya, alhali ta juya lamba ɗaya a cikin lissafin ɗan kasuwa ko rubutun ɗalibi, ba a sani ba sai bayan an ajiye. Don haka akan bar MemTest86 ya kwana yana gwada ma'ajiyar, a kuma sa Prime95 ya wahalar da furosesa na sa'o'i.

Babbar ƙa'ida dai guda ce: kada a canja abu biyu a lokaci ɗaya. A mai da kome yadda ya zo daga maƙera, a ɗaga furosesa shi kaɗai, a gwada, a rubuta a takarda, kana a koma kan ma'ajiya. Wanda ya taɓa su gaba ɗaya ba shi da hanyar gane mai laifi. In kuwa kwamfutar ta ƙi tashi sam, sai a zare ta daga wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban allonta na 'yan mintoci, saitin ya koma na asali.

A tuna kuma, lantarkin da ya wuce kima yana tsofar da guntu, ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Injin da ya ba da amsa daidai a gigahaz 4 ya fi wanda ya yi kuskure a gigahaz 5.