Matsayin Kiɗan Fim da na Dandamali a Lambobin Yabo na Grammy

Lambobin yabo na Grammy, waɗanda ƙungiyar Recording Academy ta Amurka ta fara bayarwa a shekarar 1959, sun ware rukunai na musamman ga kiɗa da waƙoƙin da aka tsara domin rakiyar labari, a fim ko a kan dandamali. A ɓangaren fim an bambanta kiɗan da aka ƙirƙira domin ya bi tafiyar labari, wanda galibi babu baiti a cikinsa, da tarin waƙoƙin mawaƙa daban-daban da aka haɗa a faifai guda, kuma rarrabewar ta dace, domin gwanintar da kowanne ke buƙata daban ce. A shekarar 2019 Ludwig Göransson ya lashe rukunin farko da kiɗan fim ɗin Black Panther, bayan ya je Senegal ya yi aiki da mawaƙi Baaba Maal, ya kuma mayar da amon tama, wato gangar da makaɗi ke matse tsarkiyarta a hammata kamar kalangu, alamar sarki T'Challa na cikin fim ɗin.

A ɓangaren dandamali kuwa, abin da ake aunawa shi ne faifan da 'yan wasa suka naɗa na waƙoƙin wasan kwaikwayo mai waƙe, wato wasan da ake isar da labarinsa ta hanyar rerawa da rawa, don haka ado da rawa ba sa cikin lissafi. Wasan Hamilton ya lashe wannan rukuni a 2016, yayin da Fela!, wanda aka gina kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti, ya shiga jerin 'yan takara a 2011.