Gidan gajiyayyun da ya kusa shekara 600 bai rasa mazauna ba

Mai karatu, idan kana da tsoho ko tsohuwa a gida, ka san ba abinci da magani kaɗai ke riƙe su ba. Akwai wanda zai leƙo da safe ya ce "an tashi lafiya?", akwai kuma wanda zai lura idan ƙofa ta wuni a rufe. A wani ƙauye mai suna Ewelme da ke yankin Oxford a Ingila, an yi wani gini tun ƙarni na 15 wanda tsarinsa kansa ke yin wannan aiki.

A shekarar 1437 ne Sarki Henry na Shida ya ba wani basarake, William de la Pole, da matarsa Alice Chaucer izinin kafa gidan, domin matalauta maza 13 da limaman coci biyu. Suka raɗa masa suna Gidan Allah. An ware masa gonaki a wasu yankuna uku, kuɗin da suke kawowa shi ke ciyar da mazauna da gyaran gini. Idan wannan ya tuna maka da waƙafi, ba ka yi nisa ba. An kashe William a 1450, Alice ta rasu a 1475, amma har yau tsofaffi na kwana a ciki.

Ka ɗauka ka shiga. Ɗakunan jan bulo ne a jere ta fuska huɗu, sun kewaye 'yar ƙaramar tsakar gida. A gabansu akwai baranda mai ginshiƙan katako da ta zagaye ko'ina, ta yadda tsoho zai je wurin maƙwabcinsa ruwan sama bai taɓa shi ba, a ƙasar da ruwa ba ya sallama. Kowa da ƙofarsa, kowa da sirrinsa, amma ƙofofin na duban juna. Daga barandar wata rufaffiyar hanya mai matakala ta haura zuwa coci, a gefe kuma ga makarantar yara da aka kafa tare da gidan, wadda har gobe ake karatu a cikinta. Wato wanda ya tsara wurin bai kai tsofaffi bayan gari ba, ya ajiye su tsakanin wurin ibada da hayaniyar yara.

Irin waɗannan gidaje ba su da wuya a Birtaniya. Ƙungiyoyin jinƙai fiye da 1,600 ne ke tafiyar da su, mutum kusan 36,000 na zaune a ciki. Mazaunin ba ɗan haya ba ne. Wani abu kaɗan yake bayarwa duk mako don kula da gini, kuma ba shi da ikon saye ko barin gado, shi ya sa ɗakin ke komawa ga mabuƙaci na gaba. Wani bincike da makarantar Bayes ta Landan ta fitar a 2023 ya nuna cewa mazauna mafi kyawun gidajen kan ɗara takwarorinsu marasa ƙarfi da ke waje tsawon rai, har da fiye da shekara biyu. Masu binciken sun danganta hakan da raguwar kaɗaici.

To, ina matsalar take? A wajen kariya. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ke da rajistar gine-ginen tarihi, kuma gidan Ewelme na mataki na ɗaya, wanda ƙasa da kashi 3 cikin 100 na gine-ginen rajistar ne suka kai shi. Laifi ne ka sauya taga ko ka fasa bango a irin wannan gini ba tare da izinin hukuma ba. Dokar ta hana rusau, ta hana 'yan kasuwa cin karensu babu babbaka. Sai dai ka tuna wanda ke ciki: mai ciwon gwiwa ga matakala, mai tari ga sanyi da danshin tsohon bango, mai keken guragu ga ƙuntatacciyar ƙofa. Gilashi mai ruɓi biyu da ke tare sanyi, wanda kowane gida ke sakawa cikin sauƙi, a nan sai an nemi izini. Gyaran ma sai da ƙasar farar kasa da katako irin na da, domin siminti kan kulle danshi a cikin tsohon bulo ya ruɓar da shi. Magina masu wannan sani kaɗan ne, kuɗinsu kuma da yawa.

A ganina mutanen Ewelme sun zaɓi hanya mai kyau. Sun bar fuskar ginin yadda take, suka haɗe ɗakunan ciki, suka rage yawansu domin kowa ya samu banɗaki da wurin girki, sannan suka gina wasu sababbi don cike gurbi. Mai son tarihi zai ce an taɓa asali. Amma da an bar ɗakunan yadda suke a 1437, da yau 'yan yawon buɗe ido ne kaɗai ke shiga.

Wani abin da zai ba ka sha'awa: tun zamanin Sarki James na Ɗaya, shugabancin gidan na hannun babban farfesan likitanci na Jami'ar Oxford. Cikin waɗanda suka riƙe muƙamin har da William Osler, shahararren likitan nan ɗan Kanada, daga 1905 zuwa rasuwarsa a 1919. Shi ne ya sa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ya daɗe a kulle, aka tarar da takardun kafa gidan a ciki, danshi ya fara cin su.