Hoton Ƙwaƙwalwa Wajen Gano Tarin Fuka

Galibin jama'a sun ɗauka cewa tarin fuka ciwon huhu ne kurum. Alhali kuwa ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya gano a 1882, takan bi jini har ta isa ƙwaƙwalwa. A can takan haddasa sanƙarau mai tafiyar hawainiya, ko kuwa ƙullutu mai jawo farfaɗiya. Sau da yawa majinyacin ba ya ko tari, don haka dangi kan ce iska ce.

Hoton ƙashi da aka saba da shi ƙoƙon kai yake nunawa, ba abin da ke cikinsa ba. Sai a 1971 aka fara ɗaukar ƙwaƙwalwar majinyaci da na'urar CT a Landan, daga bisani MRI ta biyo baya. Da irin waɗannan na'urori, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, kan nemi alamu uku: kumburin tantanin gindin ƙwaƙwalwa, da taruwar ruwa cikinta, da wuraren da jini ya daina kaiwa.

Sai dai fa hoto ɓarna yake nunawa, ba ya nuna ƙwayar. Ƙullutun ma yakan yi kama da ciwon daji. Saboda haka ake haɗawa da gwajin ruwan laka, in hali ya yi. Magani yakan ɗauki wata 12, kuma jinkirin fara shi ne kan bar makanta ko shanyewar jiki. Ciwon kai da zazzaɓi da suka wuce mako biyu, asibiti ne mahaɗarsu.