Manhajar Waya, Burauza da Rubutun Hausa a Adar

A ƴan shekarun nan ɗalibai da dama sun koma ga wayar salula domin tattara bayanan nazarinsu. Maimakon su bi kasuwa da na'urar naɗar magana, sai su kwafo saƙonnin WhatsApp da rubuce-rubucen Facebook na mutanen Tawa, Keita ko Buza, su ce ga yadda Adarawa ke rubuta Hausa. Hanyar ba ta da laifi, amma tana da tarko. Abin da ya bayyana a fuskar waya ba aikin mai rubutu ba ne shi kaɗai. Kafin harafi ya fito, sai ya ratsa hannun babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, da allon rubutu, da zubin haruffan da aka ɗora mata, in kuma shafin intanet ne, da burauza. Kowannensu na iya sauya kamannin kalma. Wanda bai san tarihin waɗannan manhajoji ba zai iya ɗaukar aikin na'ura a matsayin karin harshe.

A fara da tushe. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba kowane harafi lambarsa, kuma baƙaƙenmu masu ƙugiya suna cikinsa tun farkon shekarun 1990. Sai dai ba a zaunar da su wuri ɗaya ba. Ƙaramin ƙ (U+0199) da ƙaramin ƴ (U+01B4), tare da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, suna rukunin ƙarin haruffan Latin na biyu. Ƙananan ɓ (U+0253) da ɗ (U+0257) kuwa suna can cikin rukunin alamomin furuci na duniya, waɗanda ɗalibi ke haɗuwa da su a darasin ilimin furuci. Wato a idon mai ƙera zubin haruffa a Turai ko Asiya, ɗ na «ɗaki» kayan aikin masana ne, ba harafin yau da kullum na miliyoyin mutane ba. Duk wanda ke son rage nauyin zubinsa domin ƙaramar waya, wannan rukuni yake fara zubarwa. Shi ya sa tsofaffin wayoyi ke nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin harafin. Lambar ta iso lafiya, surar da za a zana ce babu.

Akwai kuma dalilin aljihu, wanda a ganina ya fi kowane tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Gajeren saƙo na tsarin GSM yana ɗaukar ɗigon bayani 1120 ne kacal. In an yi amfani da jerin haruffan da tsarin ya tanada, kowane harafi ɗigo 7 yake ci, saƙo ɗaya ya ɗauki harafi 160. Wannan jeri yana da é da è da à da ù na Faransanci, amma babu ko ɗaya daga cikin baƙaƙenmu masu ƙugiya. Da zarar ƙ guda ya shiga, sai wayar ta juya saƙon gaba ɗaya zuwa tsarin da kowane harafi ke cin ɗigo 16, adadin ya faɗo zuwa 70. In saƙon ya zarce haka aka yanka shi kashi-kashi, kowane kashi 67 yake ɗauka. Ke nan saƙo mai harafi 150, wanda zai tafi a kuɗin saƙo ɗaya, ƙugiya guda za ta mayar da shi saƙo uku. Ɗan ci-rani da ke Abijan yana aiko wa gida labari, ko mai sayar da albasa a Galmi yana sanar da farashi, ba wanda zai biya ninki uku domin ya bambance «baki» da «baƙi», ko «kare» da «ƙare». Mahallin magana ya ishe shi. Haka tsara guda ta koyi rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba, kuma ta yi hakan ne da hankalinta.

Su kansu manyan manhajojin sun sha canji. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008. A lokacin Symbian ta kamfanin Nokia ke kan gaba, amma a watan Fabrairun 2011 Nokia ta sanar da komawa ga Windows Phone, wadda ita ma ba ta yi ƙarko ba. BlackBerry ta rufe hidimar tsohuwar manhajarta a Janairun 2022. Firefox OS, da aka yi wa fatan zama manhajar masu ƙaramin ƙarfi, ta mutu, amma daga jikinta KaiOS ta fito, mai tafiyar da wasu wayoyi masu maɓallai. Abin da ya rage a yau gida biyu ne, Android da iOS, kuma a kasuwanninmu Android ce ta mamaye, musamman ta hannun Tecno, itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. A 2017 Google ta ƙaddamar da Android Go domin wayoyi marasa yalwar ƙwaƙwalwa.

Wannan tattaruwa a hannu biyu tana da illolinta, amma ta fuskar haruffa ta kawo sauƙi. Google ta ɗauki nauyin wani babban iyali na zubin haruffa mai suna Noto, wanda manufarsa kada wani harafi ya sake fitowa a matsayin akwati. In zubin da manhaja ke aiki da shi ba shi da ɗ, Android kan aro shi daga wani zubin da ke da shi. Mai lura zai ga alamar aron: wani lokaci harafi mai ƙugiya kan fito siriri ko ya ɗan fi ƴan'uwansa tsawo a tsakiyar kalma. Wannan aro bai tsaya ga Hausa ba. A arewacin Adar, wajen Abalak da Cintabaraden, inda Buzaye ke da yawa, ya shafi haruffan Tifinag, waɗanda suka shiga Unicode a 2005.

Tarihin burauza ya ɗan bambanta, domin a nan tsadar intanet ce ta tsara komai. Opera Mini, wadda aka saki ga duniya a farkon 2006, ta samu karɓuwa a Afirka saboda wata dabara: ba wayar ke ɗauko shafi kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke karɓo shafin, su matse shi, su aiko wa wayar da ƙaramin kwafi. Kamfanin ya riƙa cewa ragin na iya kai kashi 90 cikin ɗari. Ga mai sayen kati na dala ashirin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a wannan matsi, zubin haruffa na musamman da mai shafi ya tanada ba ya zuwa, sai a dogara da abin da wayar ke da shi. Shafin labarai da aka rubuta da cikakkiyar ƙa'ida sai ya iso cike da akwatuna. Masu shafuka da yawa sun zaɓi su zubar da ƙugiya gaba ɗaya domin kowa ya iya karantawa, kuma tarin rubutun da suka bari yana nan a intanet har yau. Za mu ga inda ya sake ɓullowa.

Chrome ta iso Android a 2012. Daga 2013 ta koma kan injin Blink, wanda Opera, Samsung Internet da Edge duk suka rungume daga baya. A iPhone kuwa, kowace burauza, ko da wane suna take ɗauke da shi, dole ta yi aiki da injin WebKit na Apple, sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta fara buɗe ƙofa ga wasu injuna a ƙasashenta. Ga mai nazari, ma'anar wannan ita ce injunan da ke zana rubutunmu ba su da yawa, kuma dukkansu yanzu suna iya nuna baƙaƙen Hausa.

Nunawa daban, bugawa daban. Allon rubutu na Gboard, da ya iso Android a ƙarshen 2016, yana da Hausa cikin harsunansa, haka ma akwai Keyman na ƙungiyar SIL ga mai son tsara allonsa. Amma wayar da aka saya a Tawa galibi da Faransanci ake saita ta, allonta kuma na Faransanci ne. Mai gyaran rubutu na wannan allo bai san Hausa ba, don haka yakan ja kalma zuwa ga mafi kusa da ita a ƙamusunsa. Ƙari a kan haka, wanda ya koyi karatu da Faransanci yakan rubuta «ou» a gurbin u, «tch» a gurbin c, «dj» a gurbin j, kamar dai yadda taswira ke rubuta Tahoua da Madaoua alhali baki na cewa Tawa da Madawa. Wannan tasirin makaranta ne, ba na na'ura ba, amma allon Faransanci yana ƙarfafa shi.

To, in mutum ya ɗora allon Hausa fa, shi ke nan an huta? A nan ne batun ya fi shafar Adar. Kalmomin da allo ke hasashe daga tarin rubutun da aka samu ake koya masa su, rubutun Hausa da ya fi yawa a intanet kuwa na Najeriya ne, a daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano, kuma wani kaso nasa shi ne wancan marar ƙugiya da aka ambata. Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken littafi a 1991, na cikin karuruwan yamma. Inda Bakano ke cewa «fara» da «faɗa», Ba'adare na cewa «hwara» da «hwaɗa». Inda ake cewa «tafi» da «fita», yana cewa «tahi» da «hita». Mai hasashen da bai saba da «tahi» ba zai miƙo «tafi», mai sauri kuma ya latsa ya wuce. Ɗalibin da ya ƙirga irin wannan ya ce matasan Tawa sun fara barin /hw/ da /h/ suna komawa karin gabas, mai yiwuwa gaskiyarsa ce, mai yiwuwa kuma halin allo ya auna. Rubutun kaɗai ba zai raba gardamar ba. Dole ya tambayi masu saƙon wane allo suke aiki da shi, ko hasashe a kunne yake, sannan ya gwada da abin da suke furtawa a saƙon murya. WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, kuma a yankin da ci-rani ya raba iyalai da yawa, shi ne wasiƙar wanda bai yi boko ba. Kunnen mai nazari zai fi samun Adaranci na ainihi a can.

Sai batun harafin da ya raba ƙasashen biyu. Duk da tarukan daidaita rubutu, na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ƙa'idar Nijar, wadda dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar, tana rubuta ƴ, Najeriya kuma ta fi sabawa da y mai ɗauke da waƙafin sama a gabansa. A takarda bambancin ƙarami ne. A na'ura kuwa babba ne, domin wannan waƙafi ba lamba ɗaya gare shi ba. Akwai miƙaƙƙe (U+0027), akwai lanƙwasasshe na rufe zance (U+2019), akwai kuma wanda Unicode ya ware a matsayin harafi (U+02BC). Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone kan sauya miƙaƙƙen zuwa lanƙwasasshe da kanta, in kuma a farkon kalma ne takan iya juya shi ya koma alamar buɗe zance. Ga ido duk kalma ɗaya ce, amma manhajar ƙirgar kalmomi za ta iya lissafa «ƴaƴa» a matsayin kalmomi huɗu ko biyar, ko ta yanka ta biyu a kan waƙafin. Hamzar da ke cikin «jami'a» da «sana'a» ma haka take fama. A nan zaɓin Nijar ya fi dacewa da na'ura, tunda ƴ harafi ne guda mai lamba guda, ko da yake mutum zai yi ta neman abu da shi a intanet ya rasa, saboda akasarin shafuka da ɗayan salon aka rubuta su.

Akwai wani abu ƙarami da kusan ba wanda ke dubawa. Duk sa'ad da burauza ta nemi shafi, takan aika da jerin harsunan da mai wayar ya zaɓa. Alamar Hausa ita ce ha, ta Hausar Nijar kuma ha-NE, kamar yadda ta Najeriya take ha-NG. Tun Android 7.0 a 2016 ana iya jera harshe fiye da ɗaya bisa fifiko, Android 13 a 2022 kuma ta ba da damar a ware wa kowace manhaja harshenta. Wayar da aka bari a Faransanci zalla, a duk shafin da ta ziyarta tana shaida cewa mai ita Faransanci yake so, ko da kuwa bai taɓa buga kalmar Faransanci ba. Masu shafuka da kamfanoni na duba irin wannan bayani wajen yanke shawarar harshen da ya cancanci fassara.

A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. In wannan mataki zai sauka daga takarda, sanarwar hukuma, sakamakon jarrabawa da saƙon asibiti duk ta waya za su riƙa isa ga jama'a, wasu ma ta gajeren saƙon da har yanzu ke ƙarƙashin lissafin 160 da 70. Za a buƙaci masu yanke shawarar ko a biya kuɗin ƙugiya ko a zubar da ita, da masu tattara tsabtataccen rubutu a ƙa'idar Nijar domin a koya wa allunan rubutu, da masu fayyace waɗanne siffofin Adaranci, Arewanci ko Damagaranci ne za a bari hasashe ya sani. Injiniya ba zai iya yanke waɗannan ba. Aikin sashen nazarin harshe ne, kuma ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya farawa da saƙonni ɗari biyu daga unguwa guda a Tawa, kowanne ya rubuta masa irin wayar, irin allon, da harshen da aka saita ta.